Wa ya kamata ya koya wa ma'aikacin sosiyal zancen naƙasa?

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti aljihunsa ba ko dala, ya san ƙofar da ake nuna masa: biron sosiyal. Wanda ke zaune a ciki shi ke sauraren kukanka, ya binciki halin gidanka, ya rubuta takardar da za ta sa a rage maka kuɗi ko a yafe. Cikin masu yawan ƙwanƙwasa ƙofar nan akwai makafi, guragu, kurame, da uwayen yaran da aka haifa da lalura. To, sa'ad da wannan ma'aikaci yake ɗalibi a lakwal, wa ya koya masa zancensu?

Mu dai a ganinmu, su ya kamata su koyar. A ba su awowinsu cikin tsarin karatu, su tsaya gaban allo, a biya su kamar kowane malami. Ba wai a tuna da su ranar 3 ga Disamba kaɗai ba, a yi tafi, a ɗauki hoto, a sallame su da kuɗin kabu-kabu.

Kuma ba alfarma ba ce. Tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce a riƙa shawara da su ta hanyar ƙungiyoyinsu, a kuma horar da ma'aikatan da ke hulɗa da su.

Akwai abin da littafi ba ya faɗa. Makaho zai gaya wa ɗalibai yadda ransa ke ɓaci idan ma'aikaci ya juya yana tambayar ɗan jagora, yaro ƙarami, "mi ke damunsa?", alhali ga shi zaune da bakinsa. Kurma mai ciki za ta nuna musu yadda sirrinta ke zama na dangi duka, tunda sai an zo da ƙanen miji ya yi mata tafinta wajen awo. Uwar da ke goya yaro ɗan shekara goma ta san matakala nawa ke gaban kowane biro a garinsu, ta san abin da kishiya ke cewa, ta san maƙwabtan da suka ce aljannu ne. Wane mushe ne zai karanta wannan a Yamai ya fi ta sani?

Malaman ma ba sai an sha wahalar nemansu ba. Ga tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH. Ga Sarkin Makafi da Sarkin Guragu a garuruwanmu, da jama'arsu, tsarin da ya girmi lakwal ɗin kanta. Ga waɗanda suka warke daga kuturta a Danja kusa da Maraɗi, da tsofaffin unguwar Kara-Kara a Damagaram, da suka san ɗacin ƙyama fiye da kowa.

Amma fa a kula da wani abu: muryar iyali daban, ta mai lalurar daban. Akwai gidan da, don ƙauna ko don kunya, ake ɓoye yaro a ɗaki idan baƙi suka zo. Akwai wanda barar yaron ce cefanen gida. Idan uba kaɗai aka saurara, ɗalibi zai fita da rabin labari. Sai a ware wa kowa lokacinsa, kar a zaunar da budurwa gefen mahaifinta a ce ta faɗi damuwarta. Wa zai iya?

Sannan idan ɗalibi ya je sitaj, a tambayi waɗanda ya yi wa aiki: ya gaishe ku? Ya ba ku kujera? Ya yi muku bayanin takardar kafin ku dangwala hannu? Amsarsu ta shiga cikin makinsa na ƙarshen shekara. Kafin duk wannan kuma, daraktocin makarantun su leƙa ƙofar ajin, su gani ko keken guragu zai iya shiga.