Ciwon Muƙamuƙi: Kada Mu Yi Gaggawar Ɗaure Haƙora da Waya



Wayar haƙori ta shigo gari. A da sai a fina-finan Turawa muke ganinta, yanzu kuwa har ado ake yi da ita, kamar yadda iyayenmu suka yi da haƙorin Makka. Ado dai ra'ayi ne, kowa da nasa. Abin da ya dame mu shi ne tallan da ake yi mata a intanet a matsayin maganin ciwon muƙamuƙi. Mu a ganinmu, mai wannan ciwo bai kamata ya fara da waya ba, mu marubuta kuma bai dace mu taya masu talla yayata ta ba.

Mu sa yatsa a gaban kunne, mu buɗe baki. Abin nan da muka ji yana motsi shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. A tsakaninta akwai wani ɗan faifan guringuntsi, ga kuma tsokokin tauna kewaye da ita. Idan matsala ta samu, mutum kan ji ciwo in yana tauna ko hamma, ko ciwon kai da na kunne, wani lokaci ma bakin ya ƙi buɗuwa sosai. Likitoci sun lissafa larurori sama da 30 a ƙarƙashin wannan suna ɗaya, kuma sun fi kama mata. Sababinsu ma daban-daban ne: buguwa, amosanin gaɓɓai, cizon haƙora cikin barci, damuwa. To yaya magani ɗaya zai game su duka?

Zargin haƙora ya samo asali ne tun 1934, lokacin da wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta ciwon da rashin daidaituwar cizo. Daga nan aka shafe shekaru ana goge haƙoran mutane, ana jera su, da fatan ciwo zai tafi. A 1987 sai ga wata kotu a jihar Mishigan ta ci wani likita tara mai yawa, bisa ƙarar cewa wayar da ya sa ce ta jawo ciwon. Wannan shari'a ta tayar da masana, aka duƙufa bincike. Abin da aka tarar bai goyi bayan kowane ɓangare ba: babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa waya na haddasa ciwon, babu kuma cewa tana warkar da shi. Taron da cibiyar binciken lafiya ta Amurka ta kira a 1996 ya ba da shawarar a fara da maganin da za a iya janyewa idan bai yi ba.

Nan ne gizo yake saƙa. Waya, da robar jera haƙora irin su Invisalign, da goge saman haƙori, duk suna sauya cizo ne sauyi na dindindin. Waya kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ga kuɗi masu nauyi. Haƙorin da aka goge kuwa ba ya tofowa. Idan asalin ciwon tsoka ce ta gaji da cizon dare, an yi gyaran gangar Abzinawa ke nan. Ko robar da ake kwana da ita a baki, aikinta da aka fi tabbatarwa shi ne kare haƙora daga gogewa.

Abin da ya fi samun goyon bayan bincike ba shi da kwarjini. A hutar da muƙamuƙi daga cingam da kilishi da rake da aya na ɗan lokaci, a riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a koyi motsa gaɓar a hannun likitan gashi, a magance damuwa da rashin barci. Ƙa'idojin da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar a 2023, kan ciwon da ya kai wata uku, irin waɗannan hanyoyi suka fifita. Da yawa ma ciwon kan lafa da kansa. Ƙarar ƙas-ƙas da ba ta zo da zafi ba kuwa, galibi ba ta buƙatar magani.

Wani zai ce, ai na san wadda ta sa waya ta warke. Ba mu ƙaryata ta ba, amma ciwon da yake zuwa yana tafiya, duk abin da aka yi a lokacin saukinsa shi ake yaba wa. Waya tana da gurbinta: jera haƙoran da suka hau juna, ko gyara cizon da cutar gaɓa ta karkatar, bayan ciwo ya kwanta kuma ƙwararren likita ya duba. Wanda bakinsa ya kulle, ko ya kumbura da zazzaɓi, ko ciwon ya zo da nauyin ƙirji, wannan asibiti zai nufa nan take.

Nauyin da ke kanmu ke nan. Mai karatu yana yarda da alƙalaminmu fiye da yadda muke zato. Idan muka rubuta labari tauraruwa ta sa waya ciwonta ya ɓace, wata za ta sayar da ɗan kunnenta ta bi sahu. Kafin mu rubuta cewa abu magani ne, mu tambayi likitan haƙori, mu kuma tambaye shi: idan bai yi aiki ba, ana iya komawa baya?

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.