Kimiyya a Gareji: Me Ya Sa Ake Durƙusar da Mota?

Da yawanmu mun taɓa ganin irin motar nan a bidiyo ko a bakin titi: cikinta ya kusan taɓa ƙasa, tayoyinta sun ɗan leƙo waje kamar ɗan kokawa ya gyara tsayuwa. Wasu na cewa gayu ne kawai. Akwai gayu a ciki, amma tushen abin yana cikin littafin Fiziks ɗinmu, a babin daidaituwar abubuwa.

Mu tuna abin da malam ya koya mana. Abu yana da wuyar kifewa idan cibiyar nauyinsa tana ƙasa, kuma gindinsa yana da faɗi. Shi ya sa babbar motar da aka labta wa buhunan hatsi har sama take tangaɗi a kwana, ita kuwa motar tseren Formula 1, wadda tsayinta bai kai mita 1 ba amma faɗinta ya kusan mita 2, take shan kwana kamar an manna ta da kwalta. Masu gyara motoci masu gudu irin su Golf GTI da BMW wannan dabarar suke kwaikwayo, ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce sauya sifirin. Ana cire na asali a sa gajere mai tauri, irin wanda kamfanonin Jamus kamar Eibach da H&R ke ƙerawa. Yawanci motar kan sauka da milimita 25 zuwa 40, wato kamar faɗin yatsu biyu. Cibiyar nauyi ta yi ƙasa, motar ta rage karkata a kwana. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Gajeren sifirin ba shi da isasshen wurin lotsawa, don haka duk ramin da taya ta faɗa, sai direba ya ji a ƙugunsa. Shokozoba ma tana saurin mutuwa idan ba a sa wadda ta dace da sabon tsayin ba. Sannan dole a sake saita tayoyin, in ba haka ba gefensu na ciki zai cinye tun ba a je ko'ina ba.

Hanya ta biyu ita ce sifesa, wani faifan ƙarfe mara nauyi da ake sawa tsakanin wili da mazauninsa don a turo taya waje. Mu yi lissafi: faifai mai kaurin milimita 15 a dama, wani a hagu, tazarar tayoyin ta ƙaru da milimita 30. Gindi ya yi faɗi ke nan.

A nan ne haɗarin yake. Wilin Golf kusoshi biyar ne ke riƙe da shi. Idan aka sa faifan milimita 15 aka mayar da tsofaffin kusoshin, kowace kusa ta yi asarar milimita 15 na zaren da take kamawa da shi. Motar za ta tashi lafiya, ta yi kwanaki tana yawo, sai rana ɗaya ana cikin gudu taya ta fice ta kama gabanta. Don haka ƙa'ida ita ce a sayi dogayen kusoshi daidai da kaurin faifan, a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi, ba da tsalle a kan ƙarfe ba, kuma a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Haka kuma dole ramin tsakiyar faifan ya zauna daram a mazauninsa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa.

Akwai kuma boris. Mun san doguwar sifana ta fi gajera saurin kwance noti, domin ƙarfi yana ƙaruwa da nisa. To, turo taya waje kamar tsawaita sifana ne a kan boris: nauyin motar bai canja ba, amma wahalar da boris ke sha ta ƙaru.

A Jamus ba a yin irin wannan gyara da ka. Kayan sai suna da takardar amincewa, sau da yawa kuma sai masu binciken lafiyar motoci irin su TÜV sun duba. A wajenmu akwai ƙarin tambaya: motar da aka durƙusar don santsin titin tsere, yaya za ta yi da ramukan damina da tudun rage gudu na ƙofar makaranta? Abin da zai fara dukan ƙasa shi ne salansa ko kaskon baƙin mai, in kaskon ya fashe kuwa inji na iya bugawa. Masu yanke sifirin da zarto don neman araha kuma, rayukansu da na masu tafiya a ƙasa suke wasa da su.

Ga aikin wannan mako. Mu sami kwalin ashana da littafi mai kauri. Mu tsayar da kwalin a kan littafin, mu riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har ya faɗi. Sannan mu kwantar da shi mu sake gwadawa, mu auna kusurwar da furotirakta. A wane yanayi ya fi jurewa, kuma me ya sa? Mu rubuta amsa mu nuna wa malamin Fiziks. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.