A gwada jinin mara lafiya tun ranar da aka sa masa ranar tiyata

A asibitocinmu, sau da yawa sai ana gobe tiyata likita zai kira dangi ya ce: "Jininsa bai kai ba, ku nemo leda biyu." Daga nan sai kiran waya da neman mai bayarwa. In ba a samu ba a ɗage aikin, mutumin da ya taso daga ƙauyen Maradun ko Bakura ya koma gida da ciwonsa, kuɗin mota ya tafi a banza, ga kuma fargabar hanya.

Wannan wahala ce da za a iya kauce mata. Ƙarancin jini ba a dare ɗaya yake samuwa ba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, namijin da sinadarin himogulobin ɗinsa ya gaza giram 13 a kowace desilita yana da ƙarancin jini; ga mace 12 ne, ga mai ciki 11. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na fama da shi.

A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun dalilan a fili suke. Ruwan madatsar Bakolori da ke rayar da noman rani yana kuma rayar da sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Ga tsutsar ciki, ga sikila, ga haihuwa kusa da kusa, ga rashin tsaro da ya raba manoma da gonakinsu, abinci ya ragu a tukunya.

Mai ƙarancin jini kuwa ya fi shiga haɗari a ɗakin tiyata: zubar jini kaɗan na iya galabaitar da shi, kuma ya fi daɗewa a gadon asibiti. Ƙarin jini na ceton rai, amma ba ya maganin abin da ya shanye jinin tun farko.

Aikin gwaiwa, maƙoƙo ko ƙarin mahaifa akan sa masa rana makonni kafin a yi. Waɗannan makonni dama ce. A yi gwajin jini tun ranar farko, a gano dalili, a ba da ƙwayar ƙarin jini, a magance zazzaɓi da tsutsa. Mai ciki kuwa, tiyatar haihuwa kan zo ba shiri, don haka zuwa awo shi ne shirinta.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta mayar da wannan gwaji ƙa'ida, ta kuma sauƙaƙa kuɗinsa har a ƙananan asibitoci. Dangi su ma, da zarar an ambaci tiyata, su tambaya: "Likita, jininsa nawa ne?" Kuɗin gwaji ɗaya bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba.