Waiwaye: Randa, Bokitin Roba da Shukar Tsakar Gida a Ƙasar Bunkure

Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasar Kura da Bunkure, noman rani aikin mai fadama ne. Wanda Allah ya ba wuri a bakin rafi shi ke kafa jigo ya yi ta ɗibar ruwa da guga, sauran jama'a kuwa sai su jira damina, ko su tafi cin rani. Amma ko a wancan zamani matan gida suna da nasu ɗan lambun, kuma ba a gona yake ba. Randar da ta tsage, kwatarniyar da bakinta ya ɓare, gindin tulun da yaro ya fasa a hanyar rijiya, duk ba a zubar da su. Sai a cika su da ƙasa da takin awaki, a jingine su kusa da inda ake alwala, a shuka ɗoɗɗoya ko barkono ko albasa don lawashi. Ba wanda ke zuwa kasuwa sayen tukunyar shuka. Wadda ta gama aikin ruwa ita ke komawa aikin shuka, kuma tsagewar da ta hana ta riƙe ruwan sha ita ce ke tsiyayar da ruwan da ya yi wa saiwa yawa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga. Daga nan babbar kanal ta ɗauko ruwa ta bi ta Ruwan Kanya ta gangaro Kadawa, ta rarrabu cikin gonakin Garun Malam da Kura da Bunkure. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Alkama da tumatir da shinkafa suka kawo kuɗi, kuɗi kuma suka kawo kayan zamani. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika kasuwanninmu da roba: bokiti da jarka suka kori tulu, baho ya kori kwatarniya. Ba zan ga laifin kowa ba a nan. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta ɗauko tulu cike da ruwa daga nesa, wuya na sagewa, ya san jarka sauƙi ce daga Allah.

Sai dai da randa ta ragu a gidaje, shukar tsakar gida ita ma ta koma roba. Shiga gidajen Bunkure yau ka duba: bokitin fenti, jarkar man girki da aka yanke wa kai, tsohon baho, buhun siminti. Kuma za ka ji ƙorafi iri ɗaya daga bakin mata da yawa: “Ni dai ba ni da hannun shuka, duk abin da na sa sai ya mutu.” Na daɗe ina jin wannan magana, kuma ban yarda da ita ba. Mafi yawan lokaci hannun lafiyarsa ƙalau, mazubin ne bai dace da wurin da aka ajiye shi ba.

Tukunyar da magina tukwane ke gasawa a fili da kara da kirare, jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da ya bi iska sai ya tafi da zafi. Abin da ya sa ruwan randa ke da sanyi ke nan ko a tsakiyar bazara. Da wannan sanin ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakaninsu don adana kayan lambu. Gautar da kan lalace cikin kwana 3 sai ta kai kwana 27, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. To, abin da tukunyar ƙasa ke yi wa gauta shi take yi wa saiwar shuka: tana sanyaya ta, tana shigar mata da iska, tana kuma zuƙe ruwan da ya wuce kima.

Roba ba ta yin ko ɗaya daga cikin ukun nan. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Kano, ajiye baƙin bokiti a kan daɓen siminti ka taɓa jikinsa bayan azahar, ba za ka iya barin tafinka a kai ba. In barkonon da ke ciki ya mutu, kada ka yi saurin jefar da shi. Kife bokitin ka fiddo ƙasar a dunƙule ka duba. Saiwoyin ɓangaren da rana ke duka za ka tarar sun yi ja sun ƙone, na gindi kuma sun yi baƙi sun yi laushi, ƙasar ƙasan ta zama taɓo tana warin kwata. Sama wuta, ƙasa ruɓa. Abin tausayin shi ne, shukar da ruwa ya shaƙe wa saiwa takan langaɓe ganye kamar mai jin ƙishirwa. Baiwar Allah ta gani, tausayi ya kama ta, ta ƙara kwarara mata kofi biyu. Kulawar ce ke ƙarasa ta.

Manoman wannan yanki sun fi kowa sanin haka, domin sun gani a gonakinsu. Inda magudana ta toshe, ciyawar kacalla ta cinye ta, ruwa ya kwanta ya rasa mafita, gonar kan yi tsamo-tsamo, farin gishiri ya fito a saman ƙasa, tumatir ya ƙi. Shekarun da muka yi da kanal sun koya mana cewa kawo ruwa rabin aiki ne, sauran rabin shi ne fitar da shi. Bokitin da ba a huda ba, gona ce wadda aka toshe wa magudana.

Ba wai tukunyar ƙasa ba ta da nata aibu ba. Da hunturu, in iskar nan ta busowa, ƙaramar tukunya kan bushe kafin la'asar, dole a ba ta ruwa safe da yamma. Tana da nauyi, akuya na iya ture ta ta fashe, kuma in ruwan rijiyar mai kanwa-kanwa ne za ka ga farin busasshen abu ya kama jikinta. Mutumin da yakan yi tafiya ya bar gida ba mai ban ruwa, ko wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa a cikin birni, yana da hujja in ya zaɓi roba, don ta fi riƙe laima. Amma mu da kanal ke wucewa ta bayan gari, ƙarancin ruwa ba shi ne matsalarmu ba. Yawansa ne da zafin rana, kuma duka biyun tukunyar ƙasa ce maganinsu. Akwai kuma masu shafe ta da fentin mai don ado. Wannan ɓarna ce, sun toshe ƙofofin da ta fi roba da su.

Inda roba ta yi nasara, ta yi ta da gaskiya: wajen renon dashe. Mai lambun da ke renon mangwaro da gwaiba da lemo da darbejiya don sayarwa ba zai iya zuba ɗaruruwan tukwane a bayan mota ko amalanke ba. Baƙar leda ce ta sa dashen itatuwa ya yi arha har ya kai ƙauyukan da da ba ya zuwa, har ledar fiya wata yara kan tsinta don wannan aiki. Haka farantan roba masu ramuka da wasu manoman tumatir suka fara amfani da su maimakon yafa iri a bedi: kowane tsiro da raminsa, a ɗaga shi da ƙasarsa, saiwa ba ta tsinke ba, ya kama da wuri. Sharaɗin kawai kada dashen ya daɗe a ciki, don saiwa kan yi ta zagaye tana nannaɗe kanta, in an dasa itacen ya ƙi girma. Kuma a yage ledar kafin a binne, a tattara ta a fitar daga gona. Wadda aka bari iska ke kwasa ta zuba a kanal, ko tunkiya ta haɗiye ta yi ta ramewa ba a san dalili ba.

Wanda ba shi da komai sai roba, kada ya fasa shuka. Ya sa ƙusa a wuta ya huda gindin wuri-wuri, har da gefe kusa da ƙasa. Ya nemi fara maimakon baƙa, ya ɗora ta a kan bulo don ruwa ya sami hanyar tsiyaya, ya ajiye inda za ta sha hantsi amma inuwa ta rufe ta da rana tsaka. In akwai tsohuwar randa, a zura bokitin a cikinta, ta tare masa rana. Ƙasar kuma kada a ɗebo laka zalla, a gauraya ta da rairayi da takin da ya ruɓe sarai, don ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kafin a ƙara ruwa a tura yatsa cikin ƙasar, in da laima a ƙyale ta sai gobe. Sabuwar tukunyar ƙasa kuwa a jiƙa ta ta kwana cikin ruwa kafin a shuka, in ba haka ba ita za ta shanye ruwan farko, sannan a kifa ɗan tsingaro a kan hudar gindin don kada ƙasa ta bi ruwa ta fice.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sana'ar ginin tukwane kansu. Hoton Ladi Kwali, mai ginin tukwane, yana bayan takardar naira 20, muna ta juya ta a hannu kullum, amma maginan tukwanen ƙauyukanmu ciniki ya ja baya har 'ya'yansu ba sa son koyo. Alhali tukunyar shuka ba ta fi ƙarfinsu ba ko kaɗan: baki mai faɗi, jiki mai ɗan kauri, a huda gindi tun yumɓu yana ɗanye kafin a gasa. Ba sa yin ta da yawa ne don ba a tambaya. Mai karatu, in kana da niyyar sa zogale ko na'ana'a ko barkono a tsakar gidanka bana, ranar kasuwa ka wuce rumfar 'yan roba ka ƙarasa wajen masu tukwane, ka ce, “Inna, a gina mini guda biyu masu huda a gindi.” Ka ba da kafin alƙalami, kuma in an kawo kada ka tsananta ciniki.