Lissafin Layin Jira A Masana'antar Taraktoci Ta Bauchi

A shekarar 1979 ne masana'antar Steyr ta Bauchi ta fara harhaɗa taraktoci da manyan motoci, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Steyr-Daimler-Puch na ƙasar Ostiriya. Aikin irin wannan ma'aikata hawa-hawa yake: daga masu walda zuwa masu fenti, daga nan a ɗora inji, a ja wayoyin lantarki, sa'an nan a gwada. Kowane sashe jiran na bayansa yake yi, kuma a wannan jira ne riba kan zurare ba a ankara ba.

Masana sun daɗe da yi wa jira lissafi. Wani injiniya ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, shi ya aza harsashinsa a 1909, yana aiki a kamfanin tarho na Kofanhagen. Abin da lissafin ya nuna yana da ban mamaki. A ɗauka sashen fenti na iya gama taraktoci 10 a yini, ana kawo masa 8, amma zuwansu da tsawon aikinsu ba su da tsayayyen lokaci. To, bisa mafi sauƙin lissafin, taraktoci 4 za a riƙa tararwa a sashen, idan an daidaita. In kuwa aikin da aka ɓata aka dawo da shi gyara ya kai nauyin ga 9 da rabi, sai adadin ya haura zuwa 19. Ƙarin da bai kai biyu ba ya ninka cunkoso kusan sau biyar, alhali mai kula da sashen na ganin har yanzu bai cika ƙarfinsa ba.

Ɓarna kuma tana haihuwa. Idan sassa 5 ne, kowanne na lalata 5 cikin 100, waɗanda za su fita lafiya tun karon farko ba su wuce 77 ba. Saboda haka ne kamfanin Toyota na Japan ya ba lebura iznin tsai da layi duka da zarar ya ga aibu. Gara a kama shi a wurin walda da a gano shi bayan an shafe shi da fenti.

Maganin da aka saba da shi shi ne tara kaya a sito tsakanin sashe da sashe, sai dai kuɗi ne aka kwantar, ga tsatsa tana ci. Amma a wancan lokacin Bauchi ba ta da damar rage ajiya irin ta Japan, domin galibin sassan daga Turai suke zuwa, kuma tsakaninta da Ikko ya fi kilomita 1,000. Ba a manta da 1975 ba, lokacin da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi watanni suna jiran sauke kaya a can. Da aka tsananta dokar shigo da kaya a 1982, darajar Naira kuma ta faɗi a 1986, sai matsalar masana'antun harhaɗa motoci ta juye: sassan da za su hau layin ne suka yi ƙaranci, kuma tarakta da ta rasa famfon mai guda ɗaya ba ta fita ƙofa, ko da manomi ya biya kuɗinta damina na ƙaratowa.