Lafiyar jiki: ɗan ƙashin da ke ƙarshen gadon baya

Duk wanda ya taɓa feɗe akuya ya san wutsiyarta ƙananan ƙasusuwa ce a jere. Mutum ma yana da irinsu a ƙarshen gadon bayansa, sai dai gajeru ne, suna ɓoye cikin nama tsakanin ɗuwawu. Likitoci suna kiran wurin ƙashin wutsiya. Ta saniya tana da gaɓa 18 zuwa 20. Na mutum gaɓa 4 ne ga mafi yawan jama'a, amma akwai mai 3, akwai mai 5, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Ba yawan gaɓa kaɗai ke bambanta ba. Na wani ya lanƙwasa ciki sosai, na wani kusan a miƙe yake, na wani ya ɗan karkace gefe. Na wani gaɓoɓin sun manne sun zama ƙashi guda, na wani suna ɗan motsi. Siririn mutum, ko wanda ya rame bayan jinya, yakan shafa ya ji ƙashin ya turo kamar tsinin dutse. Nan tsoro ke shiga. Sai a ce targaɗe ne ko karaya, a sayar da tunkiya a kai wa maɗori, ya danna, ya tsaga, ya kafa ƙaho a wurin da ba ya da ciwo. Kuɗi sun tafi, ga miki an saya, kuma a inda ƙazanta ke saurin shiga.

Ciwon gaskiya kuwa akwai shi. A ƙasar Buza da Keita da Madawa, inda hanyoyi ke bin duwatsun Adar, faɗuwa daga jaki, raƙumi ko amalanke ba baƙon abu ba ne. Doguwar tafiya a bayan babur ma takan tada shi. Mata sun fi maza samunsa, wajen ninki 5, domin ranar haihuwa ƙashin yana matsawa baya don ya ba kan jariri hanya, wani lokaci ya bugu.

Buguwa takan warke cikin mako 4, karaya mako 8 zuwa 12. Ba a ɗora wannan ƙashi, da kansa yake haɗewa. Mai ciwon ya naɗe tsumma kamar babban gammo, ya bar gurbi ta baya, ya zauna a kai yana ɗan sunkuyawa gaba, don jingina baya ita ke aza nauyi a wurin. Ya yi kwanciyar gefe, ya dakata da hawa. Ya yawaita ruwa da ganye, kamar zogale, saboda nishi wajen bayan gida yana ƙara zafin.

In ƙafafu sun mutu, ko fitsari ko bayan gida na zubowa ba da sani ba, ko wurin ya kumbura da mugunya da zazzaɓi, kada a kwana. A tafi asibitin Buza, in abin ya fi ƙarfinsu su aika da mutum Tawa.

Ungozomomi kuma su duba bayan jinjiri ranar haihuwa. Ɗan loɓawa marar zurfi a saman tsagar ɗuwawu yawanci ba kome ba ne. Amma in da ƙullutu, tarin gashi, ko ruwa na tsatsowa, kada a shafa magani. A rufe da tsumma mai tsabta, a kai yaron likita a ranar.