Faɗuwar Rana Da Gyaran Alƙibla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, a birnin Niyok ta ƙasar Amurka akwai tsibiri mai suna Manhatan, wanda aka tsara hanyoyinsa miƙaƙƙu kamar kunyar gona tun shekarar 1811. Hanyoyin ba su fuskanci yamma sosai ba, sun karkata arewa da daraja 29. Saboda haka sau biyu a shekara, ƙarshen Mayu da wajen tsakiyar Yuli, rana takan faɗi daidai bakin titi tsakanin dogayen benaye. Jama'a su cika hanya suna kallo, su ɗauki hoto, su watse.

Su abin kallo suka samu. Amma mutanen Karaye da Rogo suna da irin wannan aya a ƙofar masallatansu, tata fa'idar kuwa ta fi kallo.

A bakin Bahaushe gabas ita ce alƙibla. To amma Makka ba gabas tsantsa take ba daga ƙasar nan, ta karkata arewa da misalin daraja 22. Rana kuma ba wuri ɗaya take fitowa ba. Da damina mafitarta na gusawa arewa, da hunturu ta koma kudu. Maginin da ya ja igiyar harsashin masallaci a watan Disamba, yana bin mafitar rana, ya kauce wa Ka'aba da kusan daraja 46. Haka mai haƙar kabari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama gini ɗaya jikoki sukan yi salla a cikinsa.

Ga ma'aunin da Allah Ya ajiye, ba a sayensa da ko kwabo. Wajen 29 ga Nuwamba, da kuma wajen 13 ga Janairu, rana a Karaye da Rogo takan faɗi daidai ƙeyar wanda ya fuskanci alƙibla. Mutum ya kafa miƙaƙƙen turke a fili, ya jira ta kusa taɓa ƙasa. Inda inuwar turken ta miƙe, can Ka'aba take. Masallacin da ƙofarsa ta yamma ke duban mihrabi, in ginin ya daidaita, hasken zai ratsa sahu har wurin tsayuwar liman. In hazo ya rufe ta yau, a koma gobe, don bambancin kwana biyu ko uku kaɗan ne ƙwarai.

Wanda wannan ta wuce shi yana da wata. Ranar 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, agogon Nijeriya, rana na tsaye bisa Ka'aba. Duk wanda ya juya wajenta a wannan sa'a ya fuskanci Ɗakin Allah. Abin mamaki, makwannin nan su ne na kallon mutanen Niyok.

Wani zai ce kakanni sun yi salla ba tare da wannan lissafi ba. Gaskiya ne. Malaman Malikiyya sun ce wanda ke nesa da Makka jiha aka ɗora masa, ƙaramar karkata ba ta ɓata salla. Don haka kada yaro ya sami ilmin jiya ya tayar da fitina, yana cewa a rushe masallacin da iyaye suka gina. Abin da ya karkata da yawa, a gyara shimfiɗar sahu cikin ladabi, da shawarar limami da dattawa.

Amma uzurin wanda bai sani ba dabam yake da na wanda aka nuna wa ya ƙi dubawa. Ya kamata malaman allo su fito da almajirai a ranakun nan, su nuna musu turke da inuwa. Magina kuma kada su aza tubalin fari sai an auna. Wanda ya duba faɗuwar rana don ya miƙe fuskarsa ga Ubangijinta, kallonsa bai tafi a banza ba.

Allah Ya sa a dace, amin. Allah ne Mafi sani.